Tambaya da Amsa: Wa zan ba gwajin manhajata, kuma yaya zan gane na ƙwarai?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni uku na ɗauko daga nan Damagaram don duk kan abu ɗaya suke, wato gwajin manhaja ta hanyar taron jama'a. Ga wanda bai san abin ba, kamfani ne ke tara mutane masu yawa a ƙasashe daban daban kowa da wayarsa ko kwamfutarsa, kai mai manhaja ka biya kamfanin, shi kuma ya tura musu aikinka su yi ta latsawa suna neman inda ya karye, su rubuto rahoto a biya su. Saƙon farko shi ya fi cin wuri don shi ya fi bukatar bayani.

Tambaya ta farko

Malam barka da aiki, Allah ƙara basira. Mu uku ne, mun gama jami'ar André Salifou muka koyi rubuta manhaja, yanzu mun haɗa wata aplikasiyo ta Android wadda ƴan kasuwa za su riƙa rubuta bashi da kuɗin adashe a ciki maimakon kaye, tana tura ma wanda ake bi bashi saƙon tuni, kuma tana da Hausa da Faransanci. Wata ƙungiya ta ba mu ɗan tallafi amma da sharaɗin sai wasu na waje sun gwada kafin mu fitar. Mun rubuta ma kamfanoni, uku sun amsa. Ɗaya ya ce yana da masu gwaji dubbai barkatai a ƙasashe fiye da ɗari, na biyu ya fi arha kuma kan kowane kuskure da aka gano ake biya, na uku yana so mu sa hannu kan kwantiragin shekara guda da kuɗin yuro. Abokaina sun karkata ga mai yawan jama'ar, ni kuma gabana na faɗuwa don kuɗin nan ba za mu sake samun irinsu nan kusa ba. Dan Allah Malam ta yaya za mu gane wanda ya dace da mu?
Daga wani matashi, unguwar Garin Malam

Amsa

Ƙanena Allah ya yi muku albarka, wallahi na ji daɗin wannan aikin naku don duk wanda ya taɓa ganin rigimar bashi a kasuwar Dole saboda shafin kaye ya yage ko ruwa ya jiƙa shi ya san amfanin abin da kuke yi. Kuma faɗuwar gaban nan taka tana da dalili.

Bari in fara da abin da ya ruɗi abokanka, yawan jama'a. Manyan kamfanonin nan da gaske suna da mutane. Applause ta Amurka, wadda ta fara da sunan uTest a 2007 ta canja suna a 2014 ta bar ma taron masu gwajinta tsohon sunan, tana cewa tana da sama da mutum miliyan ɗaya. Akwai Testbirds a Munich ta Jamus tun 2011, akwai test IO ta Berlin wadda EPAM ta saya a 2019, akwai Testlio da aka kafa a Estoniya a 2012, akwai Global App Testing a Landan, sannan ga masu son Faransanci akwai StarDust ta Marseille. Duk suna aiki kuma manyan kamfanonin duniya na ba su kwangila. To amma kai ba miliyan kake bukata ba. Mutum ashirin ko talatin kake bukata waɗanda wayarsu irin ta mai shagon da ke Zango ce, rezonsu irin nasa ne, kuma suna jin yaren da yake ji. Adadin da ke kan shafinsu na waɗanda suka taɓa yin rajista ne, ba na waɗanda za su taɓa manhajarka ba. Saboda haka tambayar farko da za ka aika ma duka ukun a rubuce ita ce: mutum nawa kuke da su cikin Nijar waɗanda suka yi aiki a watanni shidan da suka wuce, a waɗanne garuruwa, da wace waya, da wane layi? In suka ce maka "muna da mutane a Afirka" ka sake tambaya, don Afirka ɗin na iya zama Nairobi da Legas da Kazabulanka. In suka ce gaskiya ba su da kowa a Nijar amma za su nemo, ba laifi ba ne, ni na fi ganin girman wanda ya faɗi haka, sai dai ka tambayi kwana nawa neman zai ɗauka kuma wa zai biya kuɗinsa.

Me ya sa na nace kan wannan? Saboda kurakuran da za su kashe muku manhaja ba za su taɓa fitowa a wayar wani da ke zaune Jamus da wifi ɗinsa ba. Ɗauki mai shago ran Alhamis kasuwa ta cika, rezo ya yi nauyi, ya rubuta bashin jika biyar ya latsa "ajiye", abin ya tsaya yana juyawa, shi kuma ga kiliya uku a gabansa sai ya ƙara latsawa sau biyu. Da rezon ya dawo bashin ya shiga sau uku, gobe a tura ma bawan Allah saƙo cewa ana bin shi jika goma sha biyar. Daga ranar mai shagon nan ya koma kaye, kuma zai gaya ma duk layinsu. Ko kuwa wayar da batir ɗinta ya mutu ta kwana biyu babu wuta, aka kunna ta agogonta ya koma wata shekara can baya, sai ranar bashi ta shiga ba daidai ba, wani lokacin ma haɗuwa da saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan manhajar a intanet, ta ƙi yiwuwa sam don takardar tsaron shafin ba ta yarda da wannan kwanan watan ba. Ga ƙananan wayoyin Itel da Tecno masu Android Go da ƙwaƙwalwar aiki giga 1 ko 2, cike da bidiyon WhatsApp, waɗanda in mutum ya fita daga manhajarka ya amsa kira ya dawo sai ya tarar an rufe ta abin da ya fara rubutawa ya tafi. Wasu wayoyin kuma tsimin batir ya sa suna kashe duk abin da ke aiki a ɓoye, saƙon tuninku da kuka sa ya tafi da takwas na safe ba zai tafi ba.

Ban ma gama ba. Mutanenmu da yawa ba daga Play Store suke sauke manhaja ba, ta Xender ake tura ma juna don a tsimi mega. Tun Agusta 2021 Google ta wajabta ma sabbin manhajoji tsarin App Bundle wanda ke rarraba manhaja gutsi gutsi gwargwadon wayar da ta sauke, to in aka tura gutsi ɗaya kawai zuwa wata waya tana iya ƙin shiga ko ta shiga tana rufewa. Wane mai gwaji ne a Turai zai yi tunanin wannan? Sannan ɗan kasuwar Magarya ko Matamai da ke shiga Daura da Kano ta Maimujiya yana da layi biyu a waya ɗaya, na nan mai +227 da lambobi 8, na can mai +234 da lambobi 10, kuma yana bin wani bashi da sefa wani da naira. In gurbin lambar waya na manhajarku lambobi 8 kaɗai yake karɓa to kun kori rabin abokan cinikinsa. Sefa ba ta da ɗigon ƙananan kuɗi, waya mai Faransanci tana rubuta 15 000 da tazara, mai Ingilishi tana rubuta 15,000 da waƙafi, kuma a Faransanci waƙafi na nufin abin da ke ƙasa da ɗaya ne, in ba a kula ba jika goma sha biyar sai ta koma sefa 15. Ga kuma lissafin baka, mai shago da dala yake ƙirga, in ya ce ɗari biyu jika guda yake nufi, to wanne zai rubuta a gurbin? Wannan sai wanda ya tsaya kusa da shi yana kallon yatsansa zai gano.

Sai maganar yare. Tunda kun sa Hausa, kuma ga shi kundin sake gina ƙasa da aka sa ma hannu a Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ku tabbata akwai mai gwajin da Bahaushe ne da gaske. Ya duba ko ɓ da ɗ da ƙ da ƴ suna fitowa a tsofaffin wayoyi ko kuwa ɗan akwati ne ke fitowa a madadinsu, ya duba in mutum ya nemi sunan da ke da ɗ amma ya rubuta d ta kawai ko manhajar za ta kawo shi, don kusan kowa haka yake rubutu a waya, kuma mu nan ƴ muke rubutawa ƴan'uwanmu na Najeriya 'y suke sawa, dole biyun su yi aiki. Kamfani na iya ce maka suna da masu jin Hausa, ka ce su sa mutumin ya yi ɗan bidiyo na minti ɗaya yana bayanin kuskuren da bakinsa. Haka ma wurin zama, akwai masu kunna VPN, manhajar da ke ɓoye inda mutum yake, su ce suna ƙasar da ba su taɓa takawa ba don su samu aiki, shi ya sa za ka nemi bidiyon da ke nuna sunan layin a saman allo da saƙon lambar sirri yana shigowa kan layin Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom. In nan gaba za ku haɗa biya ta waya, to wannan ma sai mai asusu na gaske da aka buɗe da takardar shaidarsa ta nan.

Yanzu kan kamfani na biyu mai biya kan kowane kuskure. Tsarin ba haramun ba ne, uTest da test IO ma galibi haka suke biyan mutanensu, Testlio kuma da awa take biya. Amma ka gane abin da kowane tsari ke haifarwa. Wanda ake biya kan kuskure yana sauri ne ya riga saura, don in wani ya riga shi rubutawa nasa ya zama maimaici ba a biya, to sai ya fi kai hannu kan abin da ke saman ido, harafin da ya karkace, launin da bai yi ba, maɓallin da ya matsu. Sai ka wayi gari da rahoto tamanin, ka yi murna, ka zauna karantawa ka tarar babu ko ɗaya da ya taɓa lissafin adashe, don gwada adashen mutum goma na zagaye goma yana cin yini guda kuma watakila a ƙarshe bai sami komai ba. Wanda ake biya da awa zai iya zama ya bi wannan doguwar hanyar, amma shi ma sai an sa ido kar awa ta tafi a banza. In za ku ɗauki mai biya kan kuskure to ku tambaya: wa ke yanke hukuncin cewa wannan kuskure ne na gaske, ku ko su? Wanda kuka ƙi karɓa ana cajin ku? Kuɗin babban kuskure da na ƙarami ɗaya ne? Akwai iyakar da kuɗin ba za su wuce ba? In babu iyaka arhar nan tana iya fin sauran tsada.

Abin da mutane ba su cika tambaya ba kuma a ganina shi ne rabin aikin: wa ke tace rahotannin kafin su iso gare ku? Ku uku ne kawai, ku ne masu rubutawa ku ne masu gyara, ba ku da lokacin karanta rahoto ɗari ana maimaita abu ɗaya. Kamfanin ƙwarai yana da jagoran gwaji, mutum ɗaya mai suna wanda za ka iya yi ma magana, shi ke cire maimaici, ya sake gwada kuskuren da kansa, ya jera su daga mai kisa zuwa mai sauƙi. Ka nemi su turo maka samfurin rahoto na gaske ko da sun goge sunan mai aikin. Rahoto mai kyau za ka ga sunan waya da lambar Android ɗinta, irin rezon da ake kai, matakai ɗaya bayan ɗaya yadda kai ma in ka bi za ka ga abin, me aka zata zai faru me ya faru, bidiyo, da rajistar abin da ya gudana cikin wayar wadda masu aikin ke ce ma log. In samfurin ya ce "manhaja ba ta aiki da kyau" da hoto ɗaya, ka gode musu ka wuce. Ka kuma tambayi yaren rahoton, in Ingilishinku bai yi ƙarfi ba ku nemi Faransanci tun farko a rubuta cikin yarjejeniya.

To ta yaya za ka san gaskiyar duk abin da suka faɗa? Ba a sayen buhun gero sai an zura hannu har ƙasa. Kar ku sa hannu kan shekara, ku nemi zagaye ɗaya ƙarami na kwana biyu ko uku, ku biya kuɗinsa in ta kama, ku ba kamfani biyu manhaja iri ɗaya da umarni iri ɗaya a mako ɗaya. Kafin ku tura ku dasa kurakurai huɗu ko biyar da gangan waɗanda ku kaɗai kuka sani: ɗaya a fili kamar kalmar da aka rubuta ba daidai ba, ɗaya a Hausar kaɗai ban da Faransancin, ɗaya a lissafi misali jimillar adashe ta ragu da sefa 25 in mutane sun wuce tara, ɗaya kuma wanda ba ya fitowa sai an kashe intanet a tsakiyar ajiyewa. Ku rubuta su a takarda ku ajiye. Da rahoto ya zo ku duba nawa suka kamo cikin naku, nawa suka kawo sabbi da ba ku sani ba, nawa ne maimaici ko shirme, kuma da kuka yi tambaya awa nawa aka yi kafin a amsa. Wanda ya kamo na fili kaɗai ya bar na lissafi da na rezo ka san iyakar hannunsa kenan. Wannan ɗan gwajin ya fi duk wata takardar talla da za su turo da tambarin manyan kamfanoni a jiki. In kuma kamfani ya ƙi ƙaramin zagaye ya ce sai shekara ko a fasa, to ba don irinku aka gina shi ba, ba faɗa.

Kan kuɗi, yuro ɗaya kusan sefa 656 ne a ƙayyade, wato duk yuro 1000 da ka gani a takarda ka karanta jika 656, kuma ban da kuɗin banki na turawa. Ku karanta ko kwantiragin yana sabunta kansa in ba ku rubuta kun ce a tsaya ba, ko sake gwaji bayan kun yi gyara yana cikin kuɗin ko sabon biya ne, ko awoyin da ba ku ci ba suna ƙonewa a ƙarshen wata, kuma in kun rabu matakan gwajin da aka rubuta na wa ne. Sake gwajin nan kar ku raina shi, gyaran wuri ɗaya yakan ɓalle wani wurin.

Sai amana. Manhajarku sirrin mutane take riƙewa, wa ake bi, nawa ake bin shi, lambar wayarsa. Kada ku kuskura ku ba baƙi bayanan mutane na gaske don gwaji, ko da na shagon kawunku ne. Ku buɗe saba daban ta gwaji ku cika ta da sunayen ƙirƙira. Ƙasarmu na da dokar kare bayanan mutane, lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022, da hukumar da aka ɗora ma kula da ita, kuma tunda za ku riƙe bayanan jama'a ya kamata ku je ku ji abin da doka ta ɗora muku tun kafin fitarwa. Shi kuma kamfanin ku tambaye shi ko kowane mai gwaji ya sa hannu kan alkawarin riƙe sirri, ko yana da shaidar ISO 27001 ta tsare bayanai, kuma yaushe ake goge manhajar da bidiyoyin daga wayoyinsu. Ku kuma sani wannan gwajin ba shi ne gwajin tsaro ba. Neman ƙofar da ɓarawo zai shiga sana'a ce daban, ta su HackerOne da Bugcrowd da YesWeHack ta Faransa, kar wani ya haɗa muku biyun a baki ba tare da ya nuna waɗanda za su yi ba.

In ni ne ku ga abin da zan yi. Zan koma wurin ƙungiyar da ta ba da tallafin in tambaye su me suke nufi da "na waje", don sau da yawa rahoto mai zaman kansa kawai suke so. Sai in raba kuɗin biyu. Kaso ɗaya ga ƙaramin zagaye da kamfanin da ya ci jarabawar nan ta sama, don su suna da wayoyi iri iri da ido na ƙwararru da ku ba ku da su. Ɗaya kason in haɗa taron kaina nan gida: masu shago biyar a Dole, uwar adashe biyu ko uku a Birni da Sabon Gari, wani a Mirya, wani a Magarya, ɗalibai kaɗan masu rubuta abin da suka gani. A saya musu forfe, a biya su ladan lokacinsu da mutunci, a raba manhajar ta Firebase App Distribution a kunna Crashlytics don duk wayar da manhajar ta rufe a cikinta ku gani daga inda kuke, dukansu kayan aikin Google ne kuma kyauta ne. Kuma ku je ku zauna a bencin shagon ku yi shiru ku kalla, kar ku nuna masa inda zai latsa ko da ya ɓata, inda ya tsaya yana neman hanya nan ne aikinku yake.

Tambaya ta biyu

Malam ina yini. Ni ɗaliba ce, na ji ana samun kuɗi da gwajin aplikasiyo daga gida. Wani a wani gurup na WhatsApp ya ce in turo jika goma ya yi mini rajista da wani kamfanin waje, wai duk wata akwai albashi. Ina da Infinix da tsohuwar kwamfutar yayana. In tura?
Daga wata ɗaliba, unguwar Karkada

Amsa

Ƙanwata kar ki tura ko dala. Rajista a uTest da test IO da Testbirds da Testlio kyauta ce, da kanki za ki yi a shafinsu, kuma babu albashin wata a wannan aikin, abin da kika yi shi ake biya, wani watan a gayyace ki aiki wani watan shiru. Duk wanda ya ce ki biya kafin ki fara, ko ya nemi lambar sirrin da aka turo miki a waya, ko ya ce ki ba shi hoton katinki ya buɗe asusu da sunanki, ki rabu da shi.

Ke ma sai kin auna kamfanin kamar yadda na gaya ma ɗan'uwanki a sama, ta ɓangarenki. Abu na farko hanyar biya, don yawancinsu ta PayPal ko Payoneer suke turawa, kuma ba kowace ƙasa ake iya karɓa ko cirewa ba. Kafin ki ɓata dare ɗaya kina aiki ki shiga shafin biyan ki ga ko Nijar na ciki, ki ga yadda kuɗin za su iso bankin da ke nan da abin da za a yanke a hanya, da mafi ƙarancin kuɗin da sai kin tara kafin a saki. Na biyu ki duba in an ƙi rahotonki ko ana gaya miki dalili kuma kina da damar ɗaukaka ƙara. Na uku ki lissafa megar da za ki ƙona, don tura bidiyo yana cin forfe sosai, kar ki kashe jika uku ki samo jika biyu.

Ki faɗi gaskiya a bayananki, Zinder kike, ga wayarki ga layinki, kina jin Hausa da Faransanci. Kar ki sa VPN ki ce kina Faransa, in an gano rufe asusun ake yi, kuma can akwai dubbai irinki, nan kuwa ku kaɗan ne, ranar da wani kamfani ya nemi mai layin Nijar ke za a nema. uTest na da makarantar koyo kyauta a shafinta, ki fara da ita, Ingilishi za ki bukata ko da na karatu da rubutu ne. In abin ya shiga ranki ki nemi takardar ISTQB ta matakin farko, shaidar ƙwarewa ce ta masu gwajin manhaja, tambayoyi 40 ne ana cin ta da 26, kuma ana iya yin ta da Faransanci. Sannan matasan da suka aiko tambayar farko suna bukatar irinki a nan cikin gari, irin wannan aikin ma koyo ne kuma za ki iya nuna shi gobe.

Tambaya ta uku

Malam na buɗe asusun Play Console don in sa manhajata a Play Store, na biya dala 25 ta Amurka, amma an ce sai na samu mutum 12 sun gwada kwana 14. Na ga masu talla a intanet suna sayar da "masu gwaji 12" da arha. In saya in huta?
Daga wani mai gyaran waya, Sabon Gari

Amsa

Maigida ƙa'idar gaskiya ce. Duk asusun mutum ɗaya da aka buɗe bayan 13 ga Nuwamba 2023 sai ya yi rufaffen gwaji kafin a bar shi ya fitar ga kowa, da farko mutum 20 ne, a Disamba 2024 aka rage zuwa 12, kuma sai sun zauna cikin gwajin kwana 14 a jere. Asusun kamfani bai shiga wannan sharaɗin ba amma shi sai da lambar D-U-N-S, wato lambar shaidar kamfani.

Masu tallan nan da yawansu suna cika maka adadi ne kawai, su sauke su buɗe su rufe, ba rahoto ba komai. Kuma bayan kwanakin Google na yi maka tambayoyi kan yadda ka samo masu gwajin, me suka ce, me ka gyara, in ba ta gamsu ba tana iya cewa ka ƙara gwaji, ka ga an koma baya ga kuɗi sun tafi. In har za ka biya wani, ka ce ya nuna maka samfurin rahoton da ya ba wani kafin kai da jerin wayoyin da za a yi amfani da su. Amma kai da kake gyaran waya ai jama'a na zuwa gabanka kullum da wayoyi kala kala. Ka zaɓi mutum 15 ko 16 don in wani ya fita adadin bai faɗi ƙasa da 12 ba, ka karɓi adireshin Gmail ɗin da ke kan wayar kowa ka sa a jerin, ka taya su latsa mahaɗin shiga a gabanka don nan ne yawanci ake makalewa, ka buɗe musu gurup su riƙa turo saƙon murya in wani abu ya ƙi. Duk gyaran da ka yi cikin kwanakin ka rubuta shi da ranarsa, shi za ka amsa ma Google da shi.